Shekaruna a Asibitin Sista

Na yi shekaru ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin mishan da ke karkara, a yankin da Musulmi da Kirista da ragowar Maguzawa suke cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya. Sistocin Katolika ne ke riƙe da shi. Akwai sunan da aka rubuta a allon bakin hanya, amma babu mai kiransa da shi. Daga ɗan acaɓa har tsohuwar da ta goyo jikanta, kowa "asibitin Sista" yake cewa. Ni Musulma ce, da addinina na shiga, da shi na fito, ban kuma taɓa zama cikin ibadarsu ba. Sai dai ɗakin da aka ba ni yana jingine da katangar gidansu, saboda haka ko ban yi niyya ba sai da na haddace lokutansu.

Wajen ƙarfe 5:00 na asuba suke tashi. Sau da yawa ƙararrawarsu da kiran assalatu daga masallacin ƙauye kusan tare suke iso kunnena. Ina alwala ina hango hasken fitila a ɗan ɗakin ibadarsu. Da shiru suke farawa, wajen rabin awa, kowacce na zaune tana juya abin da ta karanta daga Linjila a zuciyarta. Daga nan sai addu'ar safe, wadda suke yi da murya, sun rabu gida biyu, wannan gefe ya karanta aya, wancan ya ɗauki ta gaba. Zabura ce mafi yawan abin da suke karantawa. Ɗaya daga cikinsu ta bayyana mini cewa an tsara littafin ne yadda mutum zai ratsa kusan dukkan Zabura 150 cikin mako 4, ya koma farko, haka har ƙarshen rayuwarsa. Kuma galibi abin da suke karantawa a ƙauyen nan ran Talata shi Fada, wato limamin Katolika, yake karantawa a Roma, shi wata Sista take karantawa a Manila. In Fada yana gari sai Misa, babbar ibadarsu, ta biyo baya, in kuwa ya fita zagayen ƙauyuka su yi abin da ya sawwaƙa. Kafin ƙarfe 8:00 sun sha koko, sun ɗora rigar aiki a kan shigarsu, suna ɗakin magani.

Da rana tsaka ƙararrawa ta sake kaɗawa. Su tsaya su yi gajeriyar addu'ar da suke tunawa da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, wadda 'yan Katolika ke yi safe da rana da yamma, sannan su ɗan keɓe, kowacce ta yi wa kanta hisabi a kan rabin yinin da ya wuce. Gab da magariba akwai addu'ar yamma da jan carbi, wanda suke kira rozari, mai ƙwaya goma-goma kashi 5. Bayan cin tuwo da 'yar hira sai addu'ar dare, daga ita kuma babu sauran magana a gidan sai gari ya waye. Duk wanda ya tara waɗannan lokuta zai samu sun tasar wa awa uku a yini.

Awa uku ba wasa ba ce a asibitin da ma'aikatansa ba su cika tafin hannu biyu ba. Ran kasuwa layi yakan kai gindin darbejiya, kuma na sha jin ƙorafi daga bakin masu jira: "Sista ta shige coci ta bar mu a rana." Wanda ya taso tun duku-duku da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa yana da hakkin ya yi gunaguni, ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma da na daɗe a wurin na fahimci cewa mutanen da ke kan layin suna cin moriyar wannan lokacin ibadar ba tare da sun sani ba, kuma wani dattijo ne ya sa na gane.

Gyambo ne da shi a ƙwauri, ya shekara da shekaru. An yi sassaƙe, an yi turare, an ɗaura ganye iri-iri, abin sai ci yake. 'Ya'yansa sun ware masa ɗaki a bayan gida saboda wari. Da aka kawo shi, Sista babba ta ce ita za ta riƙa wanke shi da kanta. Kullum da safe takan zauna a kujera 'yar tsugunno, ta shimfiɗa leda a cinyarta, ta ɗora ƙafar a kai. Ba ta fizge tsohon bandeji; sai ta jiƙa shi da ruwan gishiri, ta jira ya saki don kansa, don kada ya ɗebe sabuwar tsokar da ta fara tohowa. Ta wanke daga tsakiya zuwa gefe, ta bi mataccen nama da ɗan almakashi tana yankewa kaɗan-kaɗan, ta shafa zuma, ta naɗe. Duk wannan tana yi tana jan shi da hira.

"Baba, ya damina? Dawa ta fara fitar da kai?"

Wata rana ya dube ta ya ce, "Sista, ranki ya daɗe, wai ke ba kya jin warin nan?"

Ta ce, "Ina ji mana, Baba. Ɗan ɗaga ƙafar."

A makon farko kowa zai iya yin wannan. Tausayi yana taso wa mutum in ya ga sabon abin tausayi, mu duka mun san haka. Wata na huɗu shi ne wurin gwaji, lokacin da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dattijon ya fara faɗa, 'ya'yansa sun rage zuwa, kuma babu wanda ya ƙara cewa sannu da aiki. Tausayin yawancinmu wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu kafin ruwa ya tafasa. Nasu kuwa gungume ne da ake turawa cikin murhu kaɗan-kaɗan, ya kwana yana ci. Hannun Sista a wata na huɗu bai bambanta da hannunta a ranar farko ba. Na tambaye ta sirrin, ta yi dariya ta ce babu wani sirri, akwai safiyar da ita ma ranta ba ya so. "Malama, in na jira sai ranar da zuciyata ta so, Baba zai rasa ƙafarsa. Addu'ar ma ba kullum nake jin daɗinta ba. Ƙararrawa ta kaɗa, na tashi." Wanda ya saba wa kansa tashi ibada ko yana so ko ba ya so, ya riga ya koyi yadda ake tashi aikin alheri ko yana so ko ba ya so. Musulmin da ya riƙe sallar asuba a lokacin hunturu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, sai dai kaɗan daga cikinmu ne muke ɗaukar wannan horon mu fita da shi daga kan darduma zuwa wurin aiki.

Hisabin tsakar rana ma na ga amfaninsa da idona. Sistoci mutane ne, suna da fushi, wasu ma har da zafin baki. Akwai wata ƙarama a cikinsu, 'yar kudu, wadda take koyon Hausa a lokacin. Wata safiya ta daka wa wata mata tsawa saboda ta bar yaronta ya kwana uku yana gudawa kafin ta kawo shi. Matar ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Mu da muka san ƙauye mun san ba ita ke da ikon fita ba, sai maigida ya dawo ya ba da izini da kuɗin mota. Bayan ƙararrawar rana sai ga Sistar ta dawo, ta wuce kai tsaye wurin matar, ta durƙusa kusa da tabarmarta, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Mama, na yi miki faɗa, ban kyauta ba. Ki yafe ni." Ta zauna ta karɓi cokali tana ɗiga wa yaron ruwan gishiri da sukari. Na yi aiki a wurare da dama kafin nan da bayan nan, amma ba kasafai na ga ma'aikaciyar jinya ta koma ta ba mara lafiya haƙuri ba. Abin da ya bambanta ta da mu shi ne an ware mata lokaci a tsakiyar kowane yini da dole ta zauna ta tambayi kanta wa ta ɓata wa rai, tun mutumin bai tafi gida ba.

Kada a ɗauka ƙararrawar nan ta fi ran mutum a wurinsu. Wani dare cikin damina, suna tsakiyar addu'ar dare, aka kawo wata yarinya a amalanke, cikin fari, tana jijjiga, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Na aika maigadi ya ƙwanƙwasa musu. Kafin ya dawo Sista babba ta riga shi isowa, carbinta na rataye a hannu. Muka kwantar da yarinyar a gefen hagu, muka share bakinta, Sista ta yi mata allurar tsayar da jijjiga. Da muka duba muka ga haihuwar ba ta kusa, kuma abin ya fi ƙarfin ɗakinmu, sai ta fito da tsohuwar a-kori-kurarsu, ita ta tuƙa, ni ina baya na rungume kan yarinyar, uwarta na gefe tana salati, muka ratsa taɓo zuwa babban asibiti inda aka yi mata tiyata. Uwa da ɗa suka rayu. Dare ya raba muka dawo, a jiƙe, a gajiye. Na zaci ɗakin kwana za ta nufa. Sai na ga ta kunna fitila a ɗakin ibada, ta je ƙarasa abin da ta bari.

Washegari ta faɗa mini cewa wannan tsohuwar koyarwa ce a wurinsu, tun daga wani limamin Katolika na Faransa, Vincent de Paul. Ya koya wa matan da ya tara cewa in mara lafiya ya kira suna tsakiyar addu'a, su tashi su je da kwanciyar hankali, domin wanda suke bauta wa a ɗakin ibada ba su rabu da shi ba a bakin gadon matalauci. Shi da wata gwauruwa mai suna Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar 'Yan Matan Jinƙai a birnin Paris a 1633. Kafin wannan lokaci, macen da ta keɓe kanta don ibada a cocin Katolika galibi a bayan katanga take ƙare rayuwarta, kuma babban taron malaman coci da aka kammala a Trent a 1563 ya ƙara tsaurara dokar kullen. Su Vincent suka nemi hanyar da mata za su riƙe ibadar amma su fita lungu-lungu da tukunyar miya da magani. Har yau 'yan wannan ƙungiya alkawarin shekara ɗaya suke ɗauka, su sabunta shi duk ranar 25 ga Maris. Sistocin da muke gani a asibitoci da makarantu daga wannan ƙofar da aka buɗe suka fito.

Zuwansu ƙasarmu ma ba jiya ba ne. Sistocin OLA, waɗanda Fada Augustin Planque ya kafa a Lyon a 1876, sun sauka Legas a 1878, kuma su ne suka buɗe makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri, Kaduna, a 1940, wadda bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948, na Dominikan kuma suka zo Gusau daga jihar Kansas ta Amurka a 1956. Ƙungiyar MMM, ta Sistoci likitoci da ma'aikatan jinya, a Nijeriya ma aka haife ta, a 1937, lokacin da wadda ta kafa ta, Mary Martin, ta ɗauki alkawarinta na zama Sista tana kwance rai a hannun Allah a wani asibiti a Fatakwal. Duk ungozomar da ta san ciwon yoyon fitsari ya kamata ta san sunan Dakta Ann Ward, Sista ce ta wannan ƙungiya, wadda ta shafe shekaru tana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta lalata a Itam, jihar Akwa Ibom. A zamanin da na yi aiki da su Turawan sun kusa ƙarewa. Waɗanda na sani 'yan ƙasa ne, daga Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da ƙasar Ibo, wasunsu Hausarsu ta fi ta wasu 'yan birni.

Abin da ya fi ɗaure wa matan ƙauye kai shi ne rashin aure. Alkawari uku Sista take ɗauka: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, za ta yi biyayya ga shugabanninta. Ba a rana ɗaya ake kai wa nan ba. Yarinya takan fara zama da su a gwada ta, sannan ta shiga horo na musamman wanda dokar coci ta ce kada ya gaza wata 12, kada kuma ya wuce shekara 2. Daga nan ta ɗauki alkawarin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kafin na har abada. A tsawon wannan lokaci ƙofa a buɗe take, wasu kuwa suna fita su yi aure, babu wanda ya tsine musu. Wata tsohuwa da ta zo jinyar surukarta ta taɓa riƙe hannun Sista babba, ta dube ta da tausayi na gaske, ta ce, "'Yar nan, ga ki kyakkyawa, ga hankali. In kin tsufa wa zai kawo miki ruwa? Wa zai tuna da ke?" Sista ta ce, "Iya, 'yan uwana Sistoci za su kawo mini. Tunawa kuma ta Allah ce." Tsohuwar ba ta gamsu ba, ta tafi tana girgiza kai.

Ni ma a nan hanyata da tasu ta rabu. Addinina bai san ruhbananci ba, aure sunna ne, kuma 'ya'yana suna cikin manyan ni'imomin da Allah ya yi mini. Ban kuma yarda da masu cewa abin ba ya ci musu rai ba. Na ga fuskar ƙaramar Sista ranar da aka aiko mahaifiyarta ba ta da lafiya, ga shi sai ta nemi izini kafin ta tafi, ba ta da ko sisi nata na kanta da za ta tura gida, alhali ƙannenta sun zuba mata ido. Na ga yadda wata take daɗewa da jariri a hannu bayan an gama yi masa wanka, fiye da yadda aiki ya bukata. Sun biya farashi mai tsada, kuma sun san sun biya. Abin da suka saya da shi kuwa mu ne muka amfana: mace wadda za a iya tashinta ƙarfe 2:00 na dare ba tare da neman izinin miji ba, wadda ba ta gina gida a garinsu da kuɗin magani, wadda ba ta da ɗa ko ƙani da za ta cusa a aiki. Ina iya ƙin bin hanyar mutum, in kuma faɗi gaskiyar abin da hanyar ta haifar.

Maganar kuɗi ta isa a tsaya a kanta, domin nan ne mutane suka fi yi musu gurguwar fahimta. Asibitin Sista ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin kati, akwai kuɗin magani, kuma Sista mai kula da kuɗi ba ta da wasa ko kaɗan. Kowace ƙwayar magani a rubuce take, kowane galan na man janareta a rubuce yake. Mu ma'aikata mun sha yin guna-guni a kan albashi, don bai kai na gwamnati ba, kuma har yau ina ganin wanda yake wa'azin adalci ga talaka ya kamata ya fara da talakan da ke yi masa aiki. Amma akwai wani littafi mai baƙin bango a cikin durowarta, littafin bashi. Ba a taɓa mayar da mai naƙuda ko yaro mai suma don babu kuɗi ba. A yi aiki tukuna, a rubuta. Bayan kaka sai ka ga mutane na zuwa da tiya biyar ta gero, da kaza, da damin dawa, wani ma ya zo ya yi kwana biyu yana noma gonar asibiti. Ta karɓa, ta yi lissafi a gabansa, ta ja layi a kan sunansa, ta ce, "Malam, mun rabu lafiya." Mutum ya fita da ƙirjinsa a buɗe, ba a matsayin almajiri ba. Waɗanda ta san ba za su taɓa iya biya ba, gwauraye da tsofaffin da ba su da kowa, takan sa ɗan alama a gefen sunansu, ba a kuma sake tayar da maganar. Geron da aka biya bashi da shi kuwa shi ake haɗawa da waken suya da gyaɗa, a soya, a niƙa, a dama wa yaran da tamowa ta kama, waɗanda in an zagaya damtsensu da ma'auni bai kai santimita 11.5 ba. Ba a sallamar uwa sai ta iya haɗa garin da hannunta, da abin da ke rumbunta. Da sun raba komai kyauta da asibitin bai shekara biyu ba. Da kuma sun matsa wa kowa da sun zama 'yan kasuwa. Tsayuwa a tsakanin nan aiki ne na kullum, kuma na ga yana hana mai littafin barci.

Sai tambayar da kowane Musulmi yake yi mini in ya ji inda na yi aiki: ba sa jan mutane zuwa addininsu? Tambaya ce mai tushe. Mishan da niyyar yaɗa addini ya zo ƙasar nan, makaranta da asibiti suna cikin hanyoyinsa, kuma iyayenmu da suka yi ɗari-ɗari da shi ba wawaye ba ne. Sistocin ma ba sa ɓoye abin da suka yi imani da shi: gicciye na rataye a wuyansu, akwai shi a bangon ɗakin haihuwa, kuma in ka tambaye su dalilin aikinsu za su ce maka saboda Yesu suke yi. Abin da zan iya shaida a kai shi ne abin da ya faru a gabana. Ban taɓa ganin an sa wa mara lafiya sharaɗi ba. In Musulmi ya zo gargara, Sista da kanta take aikawa a kira ni ko wani dattijo daga cikin masu jinya, ta ce, "Ku zo ku yi masa abin da addininku ya ce." Mu juya shi ya fuskanci alƙibla, mu laƙƙana masa kalmar shahada, ita tana tsaye daga baya ta yi shiru. In azahar ta yi muna cikin aiki, takan taɓa kafaɗata ta ce, "Malama, je ki yi sallarki, zan riƙe miki." Da azumin Ramadan sukan sauya mini aikin rana da na safe ba tare da na roƙa ba, ni ma in azuminsu na kwana 40 ya zo, ko makon da suke keɓewa duk shekara ba sa magana da kowa, nakan ɗauke musu abin da zan iya. Mai riƙe da lokacin ibadarsa da gaske shi ya fi saurin gane nauyin lokacin ibadar wani.

Ba a ƙauyenmu kaɗai ake samun irin wannan ba. A Maradi, inda Kirista 'yan tsiraru ne ƙwarai, Uwa Marie Catherine Kingbo, wadda ta zo daga Senegal, ta kafa ƙungiyar Sistoci a 2006. Ta buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako da makaranta a Tibiri, ta kuma riƙa zama da limamai da masu gari ana tattauna auren wuri da karatun 'ya mace, har rasuwarta a 2021. A Kaduna, garin da ya ɗanɗani rikicin addini fiye da sau ɗaya, wata Sistar OLA 'yar Ailan, Kathleen McGarvey, ita ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a 2010, inda shugabannin ƙungiyoyin mata na ɓangarorin biyu suke zama tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a ɗakin haihuwa na ga an fi saurin tuna haka fiye da a kan mumbari ko bagade.

Alkawarin biyayya shi ne na ƙarshe da na ga aikinsa. Wata rana takarda ta zo daga shugabarsu cewa an mayar da Sista babba wani gari mai nisa. Ta shekara da yawa a wurin, ta karɓi haihuwar yaran da suka girma har ta karɓi haihuwar 'ya'yansu. Mai gari ya tara dattawa, Musulmi da Kirista, suka ce za su rubuta takardar roƙo a bar musu ita. Ta je har zaurensa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma kada a rubuta. Da bakina na yi alkawari." Ta yi kuka, mu ma mun yi. Kayanta duka akwati ɗaya ne da jakar hannu.

Kwanakinta na ƙarshe ba ta ɓata su a yawon sallama ba. Ta zauna da wadda za ta gaje ta, suka bi littafin bashi shafi-shafi, tana nuna mata masu alama a gefen suna. Ta rubuta mata jerin masu tarin fuka da ba su gama shan maganinsu na wata 6 ba, da ƙauyen kowannensu, da wanda yake da halin gudu in ya ji sauƙi. Ta faɗa mata wane maigida ne sai an bi ta hannun yayarsa kafin ya bar matarsa ta zo awo, wace unguwarzoma ce ta gargajiya take turo mata da wuri, wacce ce kuma sai an lallashe ta. Ta ɗauke ta a mota suka je gidan dattijon nan mai gyambo, wanda a lokacin ƙafarsa ta rufe har ya koma kwana cikin iyalinsa, ta nuna mata tabon, ta ce a riƙa dubawa duk wata don irin wannan ciwo yana dawowa. Ran Asabar ta tafi. Ran Litinin sabuwar Sista ta hau bayan babur da jerin sunayen a aljihunta, ta nufi ƙauyen farko neman wani mai tarin fuka da ya yi mako biyu bai zo karɓar magani ba.